Fenti na Biyar

Ƙwarzanen ya fara daga tsakiyar ƙofar baya ta hagu, ya tafi a miƙe har saman taya. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Auta ta tsaya a kansa cikin farfajiyar asibitin da take aikin gwajin jini, ta lashi yatsa ta goga, kamar yawu zai mayar da fenti. Ginshiƙin da ta goga wajen juyawa yana bayanta, da ɗan fentin motar ruwan toka a jikinsa.

Motar mahaifinta ce. Wata huɗu ke nan da ita da yayyenta biyu suka haɗa hannu suka saya masa, bayan ya ajiye aikin tuƙi. Shekara talatin da shida yana jan motocin mutane, bai taɓa mallakar tasa ba. Har yanzu bai cire ledar kujerun baya ba. Direbobi abokan aikinsa suna kiransa Tsaf, domin a duk shekarun nan, in ji su, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Kullum da safe shi ke kai 'yan biyunta makaranta, ya ɗauko su da rana, tun da aka mayar da mijinta aiki wani gari ta dawo gida da zama. Yau Asabar ce karo na farko da ya ba ta makullin, shi ma sai da ya zagaya da ita yana auna mata faɗin motar da hannu.

Ta duba agogo: ƙarfe ɗaya saura kwata. Idan aka gama gyaran kafin biyar, za ta iya cewa aiki ne ya riƙe ta.

Gareji ɗaya ta sani, wanda ke bayan gidan mai, layi biyu kafin nasu. Rumfar kwano ce mai faɗi, ƙasa duk ta rine da launi iri-iri. A kusurwa akwai wata mota da aka lulluɓe gilasanta da tsofaffin jaridu. Warin tina, ruwan tsinka fenti, ya shigo mata tun kafin ta kashe injin.

Mai fentin ya fito daga bayan waccan motar, ƙyallen rufe hanci yana reto a wuyansa, gemunsa da ɗigo-ɗigon shuɗi. Bai kalli mai tuƙi ba. Kai tsaye ya nufi gefen dama, ya sunkuya, ya bi ƙofa da tafin hannu.

"Baba, yau kuma me muka gaisa da shi?" in ji shi.

Auta ta buɗe ƙofa ta fito. Ya ɗago, ya gan ta, hannunsa yana kan motar.

"Au. Sannu, Hajiya. Baba ne ya aiko ki?"

"A'a. Ni na goga. Ta nan ne, hagu."

Ya zagayo a hankali. Ya sa farce a cikin ƙwarzanen ya ja, farcen ya maƙale.

"Kin ji? In farce ya wuce sumul, man gogewa ya isa, minti ashirin kin tafi. In ya kama, to ya ci har ƙasa. Sai an bi da sanfefa, a shafa, a fesa." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Amma ba wani abu ba ne. Wannan ai gaisuwa ce kawai kuka yi da bango."

"Za a samu irin launin? Sabuwa ce."

"Launin ba matsala."

Ya shiga wani ɗan ɗaki da ke ƙarshen rumfar. Ta ƙofa tana hango gwangwanaye jere a kan katako, kowanne da ɗan tef da rubutu. Bai yi lalube ba. Ya ɗauko guda, ya fito yana girgiza shi. Da ya ajiye a kan benci ta karanta rubutun da ke jikin tef ɗin: Baba, toka. An buɗe murfin sau da yawa, bakinsa duk ya lanƙwashe.

"Malam, yaushe aka haɗa wannan?"

Mai fentin ya dubi gwangwanin, ya dube ta. Ya juya rubutun zuwa bango, alhali ta riga ta gani.

"Ai motoci masu ruwan toka da yawa ne, Hajiya."

"Da na shigo, gefen dama ka nufa."

Daga maƙwabta, inda ake walda, wani ya ɗaga murya yana tambayar wanda ya ɗauke masa guduma. Mai fentin ya amsa masa da cewa ya duba ƙarƙashin tumbinsa. Babu wanda ya yi dariya. Ya sosa gemu.

"Ke ce Autar?"

"Ni ce."

"Baba ya ce in kika ji, kashina ya bushe."

"Ai na ji."

Ya koma ɗakin, ya dawo da wani abu ƙunshe a tsumma. Mayen ƙarfe ne, irin na cikin tsohuwar rediyo. Ya manna shi a ƙofar hagu ta gaba, ya sake shi. Ya zauna daram.

"Wannan ƙarfe ne da fentin kamfani."

Ya zagaya dama, ita tana biye da shi. Ya manna a ƙofar gaba, ya saki. Mayen ya sulale a hankali, ya faɗo cikin hannunsa.

"Nan foti ne a ƙasa, abin da muke cike lotsawa da shi. Maye ba ya kama shi." Ya gwada a saman taya, ya sake sulalewa. Ya gwada ƙofar baya. "Nan ma."

Auta ta kalli gefen motar. Sumul yake, yana ƙyalli, har tana ganin takalmanta a ciki. Da safe ta wuce ta nan, da jiya, da shekaranjiya.

"Sau nawa?"

"Huɗu."

"Cikin wata huɗu."

"Cikin uku. Watan farko lafiya lau." Ya fara lissafi da yatsu. "Na farko ginshiƙin ƙofar gidanku. Ya ce maginin ne ya karkatar da shi. Na biyu baro, wai mai baron ya shigo masa. Na uku katangar makarantar yara, har da ɗan jan fenti a jiki. Nan ne na ce masa, Baba, ni fa tun ina gyaran motocin ma'aikatarku ban taɓa ganin taka a rumfata ba, sai na sauran. Ya ce ai tsufa ne ya sa hanyoyi suka matse."

"Na huɗun fa?"

Mai fentin ya taɓa madubin dama. "Wannan ba nata ba ne. Na samo irinsa na fesa. Makon jiya, ran Talata. Ba bango ba ne wannan karon. Wata mata ce da kaya a ka, a bakin hanya. Madubin ya bugi gwiwar hannunta."

"Ta ji ciwo?"

"Ya ce ta tashi da ƙafarta, bakinta kuma lafiya ƙalau. Ya tsaya, ya ba ta haƙuri, ya tattara mata kayan." Ya saki madubin. "Abin da ya tsaya min shi ne, ya ce bai gan ta ba sai da ya ji zagin."

"Ƙarfe nawa?"

"Ya iso nan wajen biyu."

Ɗaya da rabi ake tashin 'yan biyu. Auta ba ta tambaya ko suna cikin motar ba. Ta tuna ran Talata ɗaya daga cikinsu ta ce sun ci alewa a wani wuri mai wari, ita kuma tana waya a lokacin, ta ce to.

"Kullum gefen dama, Hajiya," in ji mai fentin. "Mai ganganci ko'ina yake bugawa, gaba, baya, hagu. Matasa ma har rufi suke kawo min. Wanda yake bugun gefe ɗaya tak, ba ganganci ba ne. Na ce masa ya je a duba shi. Ya ce in kula da gwangwanayena, shi ya kula da idanunsa."

Ta san sunan abin, ko kusa da shi. A asibiti tana ganin irin takardun suna wucewa ta tagarta: dattijo, hawan jini, ciwon kai na kwana ɗaya, daga nan rabin duniya ya ɗauke daga idanunsa ba tare da ya yi sallama ba. Ta tsaya tana kallon mayen ƙarfen a hannun mutumin. Ta lura igiyar takalminta ɗaya ta kwance, ba ta sunkuya ba.

"In fara?" in ji shi. "Kafin biyar ta bushe. Ko Baba da fitila ba zai gane ba. Shi ma nasa duk yini ɗaya nake yi masa, ya zauna can kan benci yana gaya min ban iya riƙe bindigar feshi ba."

"Ka fara."

Ya ɗauko sanfefa da bokitin ruwa, ya durƙusa. Ta tsaya tana kallo. Ƙwarzanen ya faɗaɗa ya zama tabo fari kamar tafin hannu biyu, ruwan toka yana gangarowa ƙasa. Ya shafa wani abu mai kauri, ya jira, ya sake gogawa. Ya manna jaridu a gilashi da taya. Da ya tayar da injin iska, sai da kwanon rumfar ya ɗauki rawa. Hannunsa yana tafiya hagu da dama, ba sauri, ba tsayawa. Zuwa fesawa ta uku ta nemi wurin ta rasa.

"Gobe ma ana buɗewa?" in ji ta.

"Ba sai gobe ba, na ce miki kafin biyar."

"Ka riƙe ta."

Ya kashe injin. "Har yaushe?"

"Zan faɗa maka."

"In ya zo fa? Ni ba na iya yi wa Baba ƙarya. Yana ganewa."

"Ka ce ba ta bushe ba."

Ta miƙa masa makullin. Ya goge hannu a wando kafin ya karɓa, ya rataye a ƙusa tare da wasu.

Da ƙafa ta ƙarasa gida. A ƙofa ta tsaya ta dubi ginshiƙin dama. A miƙe yake.

Baba yana falo a kujerarsa, rediyo a kan gwiwa, 'yan biyu suna ƙasa suna gardama a kan fensir. Ƙofar falon tana damansa. Auta ta shiga, ta tsaya taku biyu daga kafaɗarsa, ba ta yi sallama ba. Ta ɗaga hannu. Ta sauke. Ta sake ɗagawa har kusa da kunnensa. Yana murɗa rediyo, yana kallon gaba. Ta ƙirga har goma sha biyar.

"Mama!" in ji yaran.

Ya juyo da kansa gaba ɗaya, har da kafaɗa. "Ke, sai ka ce ɓarawo. Ban ji ƙarar mota ba."

"Sannu da gida, Baba."

"Ina motar?"

Ta zauna a hannun kujerar da ke kusa, ta damansa. "Na goga ta. A asibiti, wajen juyawa. Ƙofar baya."

"Na sani!" Ya buga cinya, muryarsa har da daɗi a ciki. "Kun ji, fasinjojina? Yini ɗaya tak. Ban ce miki ki kalli madubi ba? Mota ba a jan ta da hannu, da ido ake ja. Ni shekara talatin da shida..." Ya dakata. "Wane gefe?"

"Hagu."

"Kin kai wa wa?"

"Na bayan gidan mai."

Rediyon yana ta magana a kan farashin taki. Baba ya rage murya, ya ƙara, ya kashe. Yaran suka koma kan fensirinsu.

"Ya iya aiki," in ji shi. "Surutu ne dai ya yi masa yawa."

"Ya ce sai ta yi mako guda kafin ta bushe."

Ya daɗe yana kallon bangon da ke gabansa. Auta tana kallon hannunsa, babban yatsa yana shafa gefen rediyon.

"Haka ne," in ji shi. "Fentin sababbin motocin nan yana daɗewa. Wani ma har wata."

"Jibi zan kai su makaranta da kaina. Daga nan mu wuce asibiti ni da kai. Ka daɗe ba a auna ka ba."

Ya kira ɗaya daga cikin yaran. "Ke, je ɗakina. Aljihun rigar da ke bayan ƙofa."

Yarinyar ta ruga, ta dawo da makullin motar, na biyun, har yanzu da ɗan katin kamfani a jikinsa. Ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu.

"Auta, kai wa mai fentin wannan ma. Mutumin nan da yar da abu, kada ya ɓatar da guda a rasa na buɗewa."

Ya miƙa hannu. Makullin ya tsaya a iska, nesa kaɗan da inda take zaune. Auta ta tashi, ta matsa inda hannun yake, ta karɓa.