Abin da Mai Shela Ya Ƙara

Motar ta bar Gusau ke nan ta ɗauki hanyar Bungudu, direba ya murɗa rediyo, sai ga muryar nan. Malam Sabiru ya gane ta nan take. Duk abin da ke duniya, wai jawabin Kwamanda na farkon damina suka ga damar maimaitawa yau!

Wasila na gefensa, matar ƙanensa Yazid. Jiya ta fita takaba, yau yake raka ta gidan iyayenta a Kekun Waje.

Sabiru ne mai shelar ƙauyensu can bayan Tsafe, gado ya yi wurin ubansa. Ƙa'idar aikin guda ce: abin da aka ba ka shi za ka faɗa, ba ragi ba ƙari. Shekara ashirin bai taɓa saɓawa ba.

Lokacin da Kwamandan da aka turo yaƙi da 'yan bindiga ya yi jawabin, damina ta sauka amma ba mai leƙa gona. Mutumin kuwa ya iya magana, Allah ya sani. Ya ce ya san an gaji da binne 'yan'uwa, amma ƙasar nan ta kakanni ce, ba za a bar wa ɓarayi ita ba. Dattawa ma sai da suka share hawaye. Maigari ya ce Sabiru ya zagaya ya sanar da marasa rediyo. Ya zagaya kuwa da zumuɗi. Da ya zo bakin kasuwa ya ga jama'a sun zuba masa ido kamar masu jiran rabon abinci, sai bakinsa ya ƙara da cewa an ce kowa ya koma gona.

Washegari Yazid ya saɓa fartanya. Da azahar aka ɗauko gawarsa daga gona, 'yan bindiga sun kashe shi.

Yanzu a cikin motar fasinjoji sai gyaɗa kai suke. Wani dattijo ya ce wallahi ba don jawabin nan ba da tuni garinsu ya watse, kuma gaskiya ya faɗa. Wasila ba ta taɓa jin jawabin da kunnenta ba. Ta kasa kunne har aka shafa addu'a, aka shiga talla.

"Yaya, ya ƙare ke nan?"

"Ya ƙare."

"Ban ji wurin maganar gona ba."

Yana iya cewa 'yan rediyo ne suka yanke, ai sun saba. Maganar ta zo har bakinsa. Wata huɗu yana kwana da abin nan yana tashi da shi, ya gaji.

"Babu ita," in ji shi. "Ni na ƙara."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta, ta jawo ƙullin kayanta daga cinyarsa zuwa tata.

"Na hana shi fita ranar," ta ce. "Ya ce in dai daga bakin Yaya ta fito, ba sai ya tambayi kowa ba."