Baƙo a Cikin Kular Dinatu

Kwana biyu ke nan babu wuta a Samaru, injin wutar ɗakin bincike kuma ya ƙi tashi. Malama Dinatu ta buɗe firiza ta rufe, ta sake buɗewa, kai ka ce kallo zai hana ƙanƙara narkewa.

Abin da ya hana ta zama bai fi ƙwayar dawa ba. Wani ɗan taliki ne mai ɓawo kamar 'yar hula, wanda aka tsamo daga ƙasan teku can ƙarshen kudancin duniya, inda sanyi ba ya hutu. Shekara uku tana rubuta wasiƙu kafin a aiko mata da guda ɗaya tak. Masana sun daɗe suna musu a kan danginsa: wasu su haɗa shi da katantanwa, wasu su ce sam, 'yan'uwansa daban ne. Amsar na cikin tsokarsa, idan kuwa ta ɗumama, shi ke nan.

Ta juye guntun ƙanƙarar da ta rage a kular abincinta, ta cusa 'yar kwalbar a tsakiya, ta tare keke. Sabon Gari ta nufa, wurin Ogbonna mai sayar da daskararren kifi, wanda injinsa ba ya mutuwa. A Palladan motoci suka cushe. Tana jin ruwa na motsi a cikin kular, tsoro ya kama ta sosai, har ta yi wa mai keke tsawa ba da laifinsa ba.

Ogbonna ya ɗaga kwalbar ya ƙura mata ido, sannan ya girgiza kai.

"Haba Malama! Abinci nake sayarwa. A ji na ajiye ƙwaro cikin kifi, wa zai sake zuwa?"

"Ba ƙwaro ba ne, Oga Ogbonna. Don Allah, narkewa yake yi."

"To mene ne? Ɗan gidan wa ne?"

"Ba wanda ya sani tukuna. Abin da nake nema ke nan."

Ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa, Dinatu kuma kamar ta fizge kwalbar ta ruga, sai dai ba ta san inda za ta nufa ba.

"Babana ma haka ya sauka daga jirgin ƙasa a garin nan," in ji shi. "Ba wanda ya san danginsa. Wani ne ya buɗe masa shago ya kwana."

Ya ja ƙofar ɗakin sanyin, ya ture kwalin kifi gefe, ya ajiye kwalbar a can ƙurya.

"Ki je ki nemo masa 'yan'uwansa. Kafin nan, ɗan Sabon Gari ne."