Ƙusoshin Akwatin Kaka Yeh

"Kawu Kang, me ya sa kake sa wa ƙofarku kwaɗo ta waje alhali Yaya Pei-shan tana ciki? Ko sata take yi?"

Tung-tung ce, 'yata, shekararta biyar. Muna tsaye a bakin layi da ledojin shara a hannu, kiɗan motar shara yana tahowa daga wajen kasuwa, maƙwabta duk sun fito. Kang ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushin da yake yi wa masu sayen kayan wuta a shagonsa, ya ce yarinyar nan akwai baki, a riƙa kula da ita. Pei-shan tana bayansa da bokitin ragowar abinci, cikin riga mai dogon hannu a tsakiyar zafin garinmu, Chiayi. Ba ta ɗaga kai ba. Na fizgi hannun Tung-tung har ta yi ƙara.

Kaka Yeh ce kaɗai ta yi dariya.

"Ka ba ta amsa mana, Kang. Ni ma na daɗe ina son in ji."

Motar ta iso, kowa ya jefa nasa, aka watse.

Gidan Kaka Yeh ne tsakanin namu da na Kang, bango ɗaya kowane gefe. Ta haura tamanin. Madarar waken suya ta sayar a ƙofar gidanta tun kafin a haife ni, har gwiwoyinta suka ƙi. Kunnenta kuwa bai ƙi ba. Duk abin da ni nake ji sama-sama, ita tana jin sa kamar a ɗakinta: ƙarar duka da bel, faɗuwar kujera, da shirun da ke biyo baya.

Pei-shan 'yar Kang ce, shekararta goma sha bakwai. Uban ya cire ta daga makaranta, ya ƙwace wayarta, wai ta fara ɗaga kai. Ta taɓa gudu har tashar jirgin ƙasa, ƙanin uban ya kamo ta, daga nan aka sayo kwaɗo. Fitar shara ce kaɗai fitarta, ita ma da shi a gaba. Ni da Kaka mun kira hukuma sau ɗaya. Wata ma'aikaciya ta zo, Kang ya dafa mata shayi, ya zauna kusa da 'yarsa, yarinyar ta ce daga babur ta faɗo. Kafin matar ta tafi ta biyo shagona, inda nake wanke kai da gyaran gashi a ƙasan gidanmu, ta ce suna da wurin ajiye yarinyar, amma sai ta faɗa da bakinta, ba a gaban uban ba. Na ce to. Mijina ya ce in fitar da hannuna, mu 'yan haya ne, Kang kuwa a layin aka haife shi. Gaskiya ya faɗa, kuma na gaji. Ga shago, ga yarinya, ga wanki.

Da damina ta yi nisa Kaka ta kwanta. Asibiti suka ce babu sauran abin yi, ɗanta ya zo daga Taipei ya dawo da ita gida don ta cika a gidanta. Aka lulluɓe teburin da ake girmama kakanni a kansa, aka shimfiɗa mata katako a falo, ƙafafunta suna kallon ƙofa. Ɗan nata mutumin kirki ne, amma bai iya juya mara lafiya ba, don haka ni nake shiga tsakanin masu gyaran gashi in goge mata jiki, in ba ta ruwa da cokali.

Wata rana da hantsi ta ce in kori ɗanta ya je sayen ƙanƙara. Da ya fita ta riƙe mini wuyan hannu.

"Maman Tung-tung, ƙofarki ta baya tana buɗuwa kuwa, ko har yanzu injin wankin nan ya tare ta?"

Na ce tana buɗuwa in an ture shi.

"To ki ture shi. Ranar da za a buga wa akwatin gawata ƙusa, duk maƙwabta za su juya baya kamar yadda al'ada ta ce. Kang ya fi kowa tsoron gawa, tun yana yaro na san shi. Ba juya baya kawai zai yi ba, har ido zai rufe, ba zai buɗe ba sai malamin haikali ya ce an gama. Ke kuwa kina da ƙaramar yarinya, ba wanda zai ce don me kika zauna a gida."

Na ce ta daina irin wannan magana, ta sha ruwa. Ta ce in daina yi mata kallon sakarai, ita za ta mutu, ba ni ba.

"Shekara da shekaru ina jin yarinyar nan ta bango, ban tsinana mata komai ba sai tsokanar ubanta a bakin shara. A tsaye na kasa. Bari in gwada a kwance."

Tunanin Tung-tung nake, da hanyar makarantarta da ta bi ta gaban shagon Kang.

Washegari Kang ya zo dubiya da kwandon 'ya'yan itace, falon cike da tsofaffin layi. Kaka ta buɗe ido, ta kira shi da sunansa na yarinta, ta ce ita ba ta haifi mace ba, ba ta da mai naɗe mata furen bado na takarda in ta mutu. Ta ce ya ara mata Pei-shan, hannunta ya fi na kowa kyau, kuma ranar fita da ita tana son gidansa duka su tsaya mata. Tsofaffi suka zuba masa ido. Ya ce ai wannan ba komai ba ne, Kaka. Da ya fita ta ce mini 'ya'yan itacen nan na jiya ne, ta san inda ya sayo su.

Ta ƙara kwana kaɗan. Ranar ƙarshe ana yayyafi, fanka tana juyawa a kanta. Ta ce tana son madarar waken suya. Na aika aka sayo, na ɗiga mata a leɓe. Ta yamutsa fuska, ta ce wannan ruwa ne aka nuna wa wake daga nesa. Ita ce maganarta ta ƙarshe. Ɗanta yana waje yana matsar da mota don wani ya wuce. Da ya shigo na ce ya zo ya kira ta, ya kira, ba ta amsa ba.

Aka kafa rumfa ta tare rabin layi. Iyalan mamaciya suka manna jar takarda a ƙofar kowane maƙwabci. Kullum da rana mata suna zama a dogon tebur suna naɗe takardar rawaya, furen bado bayan furen bado, don a ƙona mata. Kang yana kawo Pei-shan da uwarta, ya zaunar da su inda zai riƙa hango su daga shago. Uwar mace ce siririya da ban taɓa jin ta ƙarasa zance ba.

Ni dai na ture injin wankin. Na kira ma'aikaciyar nan na gaya mata ranar, ta ce za ta tsaya da mota a lungun baya, amma ba za ta shiga gidan kowa ba, ba kuma za ta ja kowa ba. Abin da ya rage shi ne Pei-shan ta sani. Sai da uwarta ta tashi ɗebo ruwan zafi na matsa kusa da ita, na ce ta nuna mini yadda ake lanƙwasa ganyen ƙarshe. Ina kallon yatsunta na faɗa mata komai.

Ba ta daina naɗewa ba.

"Anti, in na tafi, kan Mama zai koma."

Na ce na sani.

"To ya kike so in yi?"

"Ba abin da nake so. Ƙofata ta gaba a buɗe take, ta baya a buɗe take. In kin shigo kin shigo. In ba ki shigo ba, gobe ma ina nan."

Ta ɗaure furen da zare, ta ce ita dai makaranta take son komawa, ko ta yamma ce, kuma tana son ta yi barci ba da takalmi a ƙafa ba. Uwarta ta dawo da buta. Muka ci gaba.

Ranar fita da gawa na kunna wa Tung-tung katun a talabijin a saman bene, na ce kada ta sauko. Na tsaya bayan labulen shago. Masu busa sun yi ta busa tun safe, hayaƙin turare ya cika rumfa. Kang yana sahun gaba na maƙwabta cikin baƙar riga, matarsa a damansa, ita kuma tana riƙe da hannun Pei-shan kamar yadda ya umarce ta. Malamin haikali ya ɗaga murya ya ce wanda ba dangi ba ya juya.

Ni ma ya kamata in juya. Ban juya ba. Uwata da tana nan da ta mare ni.

Ban taɓa ganin layinmu haka ba, ƙeya bayan ƙeya, mai kifi, mai gyaran babur, tsofaffi da sandunansu, kowa yana kallon bango ko kwalta. Kang ya dunƙule kafaɗu, ya rufe ido gam, leɓensa yana motsi. Aka fara buga ƙusa, malamin yana jero fatan alheri, dangi suna amsawa.

Pei-shan ba ta motsa ba. Aka gama kusurwa ɗaya, aka koma ta gaba. Na ce a raina shi ke nan, na ture inji a banza, har na ji wani sauƙi mai ban kunya. Sai na ga uwar ta buɗe yatsunta. Ba ta dubi 'yar ba. Ta ɗauke hannun ta ɗora a kan hannun mijinta, ta riƙe shi da hannu biyu kamar mai jin tsoro. Yarinyar ta zare silifas ɗinta don kada su yi ƙara, ta ratsa ta bayan masu busa.

Ta shigo shagona ba takalmi. Na miƙa mata nawa na roba da jakar da na zuba tsofaffin kayana. Ta buɗe baki, na ce ba lokaci, ta wuce. Ta bi ta kicin, ta fita. Na ji an rufe ƙofar mota a hankali.

Da aka ce a juyo, Kang ya duba dama da hagu. Matarsa ta ce ita idonta a rufe yake, ba ta ji komai ba. Fuskarsa ta yi ja, amma an riga an ɗaga akwati, ba ya yiwuwa ya yi ihu a gaban gawa, ba ya yiwuwa ya bar sahu. Haka ya raka Kaka Yeh har bakin titi yana zufa.

Da yamma ya zo shagona ya harbe abin shanya tawul da ƙafa, ya ce ya san ni ce. Na ce ya tambayi hukuma, yarinyar tana hannunsu. 'Yan sanda ma haka suka gaya masa. Matan da ke zuwa wanke kai suka ragu, wasu saboda shi, wasu saboda kawai ba a son mai shiga sha'anin gidan wani. Mijina ya yi mako bai yi mini magana ba, daga baya ya sauya wa Tung-tung hanyar makaranta da kansa, ya ƙara wa ƙofarmu sakata.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Gidan Kaka babu kowa yanzu, sauti yana ratsa shi kamar ganga. Abin da Pei-shan ta ji tsoro ya faru. Na kira hukuma saboda uwar, na sake kira, har yanzu tana cewa a matakala ta zame. Zan ci gaba da kira, ba don ina da ƙarfi ba. Pei-shan ta bugo mini sau ɗaya daga lambar da ba ta fito ba. Ta ce ta koma aji, tana wanke kwanuka a wani wurin cin abinci, ƙafafunta suna ciwo. Ta tambayi uwarta, na faɗa mata gaskiya. Sannan aka kira ta bakin aiki.

Kai da kake karanta wannan, wataƙila ka gane layin duk da na sauya sunaye. Wataƙila ɗan'uwan Kang ne kai, ko abokin shan shayinsa, ko cikin masu cewa ɗa da mahaifi ba a shiga tsakani. Kada ka zo mini da murmushi kana tambayar inda take. Ban sani ba, ni na roƙi kada a gaya mini. In ka shigo zan nuna maka kujera, in sa maka tawul a wuya, in gwada ɗumin ruwan a bayan hannuna. Ka kwantar da kanka baya, ka yi shiru har in gama.