Bango Ɗaya Tsakani

Ranar da ƙaramar hukuma ta buɗe ɗakin reno a makarantar gwamnatin unguwarsu, Mai Guga har rawa ta taka, ita da ba ta iya rawa ba. A wajen wankin asibiti take aiki, tun safe tana goge zanin gado har kafaɗa ta sage. Mijinta direban babbar mota ne, sai a yi wata ba a ga ƙeyarsa ba. Shi ya sa tun da aka yaye Auta, babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya, ta ajiye jakar makaranta ta ɗauki goyo. Yarinyar da ko shekara sha ɗaya ba ta cika ba! Abin yana cin uwar a rai, amma ya za ta yi?

Yanzu kuwa hankalinta ya kwanta. Da safe sai ta miƙa Auta wa masu reno, Yaya ta shige aji, ita kuma ta wuce aiki.

Ba a jima ba sai ga saƙo daga malamar ajin Yaya, wai kujerar yarinyar rabin yini babu kowa a kai, in aka ci gaba a haka dole ta maimaita aji. Mai Guga ta ji ranta ya ɓaci. Wato bayan duk wannan wahala, yawon wasa 'yar nema take zuwa? Washegari da hantsi ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata gugar, ta nufi makarantar tana huci, tana shirya faɗan da za ta zazzage wa Yaya.

Ba ta same ta a aji ba. Sai malamar ta nuna mata bangon da allo ke jiki. Ashe bango ɗaya ne tsakanin ajin da ɗakin reno.

Can ta tarar da Yaya zaune a kan tabarma cikin kayan makaranta, fensir maƙale a kunne, Auta kwance a cinyarta. Babbar mai renon, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ce sun kori yarinyar har sun gaji. Yara sun fi ashirin a ɗakin, amma da ƙanenta ya tsala kuka sai a gan ta a bakin ƙofa, ko ana tsakiyar darasi. Sannan ta tambayi uwar yadda ake lallaɓa shi ya yi barci, don su riƙa yi da kansu.

Mai Guga ta dubi ɗanta. Wallahi ba ta sani ba.

"Sai an sosa masa bayan kunne, Mama," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai laifi.

Faɗan nan da uwar ta ƙunso ya bi iska. Kunya ta rufe ta, tausayin 'yarta ya cika mata ciki. Ta durƙusa ta ɗauke Auta. Nan take ya farka ya canyara ihu, yana miƙa hannu wajen yayarsa, ita ma har ta yunƙura.

"Tashi ki tafi aji, 'yata," in ji uwar. "Ni na haife shi, ba ke ba."

Yaya ta fita tana waiwaye. Auta bai fasa ba, sai ma ƙara wuta da ya yi, yana ture ƙirjin uwarsa. Ta san guga na can jibge yana jiranta, ta san za ta sha magana wajen shugabar aiki. Duk da haka ta saɓa shi a kafaɗa, ta tsallaka filin makarantar har bayan famfo, can inda kukan ba zai kai aji ba. Ta zauna a kan dakali tana sosa masa bayan kunne, tana laluben daidai wurin.