Askar da Aka Kai Bakin Inji

Barau wanzami bai taɓa ɗaukar Yusha'u mai aski ba, ko da wasa. Ɗan ƙanensa ne, ƙato ɗan shekara talatin da biyar, yana da shago a Karaye: kujera mai juyi, madubi, da injin aski mai kukan rina. Wai shi ma ga mai sana'a! Mutumin da in an ɗauke wuta sai ya naɗe hannu, ya bar kan bawan Allah rabi da rabi.

To, amma hannun Barau ya soma rawa, 'ya'yansa kuma duk mata ne. Ga shi an yi haihuwa a rugar Hammawa, can bayan Kwanyawa, gidan da tun kakan Barau su ke yi musu askin suna. Irin wannan gida in ya kuɓuce ba ya dawowa. Dole ta sa ya kwance zabira ya fito da askar ubansa.

Kwana huɗu yana fama da Yusha'u, yana koya masa wasa aska. A jiƙa dutse, a kwantar da aska baki da ƙeya, a ja a hankali ba dannawa. Sannan a koma kan fata, a riƙa ja da baya don kar bakin ya ci ta. In an gama a goge ta ƙarau, a ɗan shafa man gyaɗa saboda tsatsa. Yusha'u sai "to Baba, to Baba", ido kuwa yana kan waya.

"Kai, askar za ka kalla ko wayar?"

"Ai na gane, Baba. Abin ba wuya."

Ba wuya! Barau ya ja tsaki ya miƙa masa zabirar, ransa ba ya so.

Ranar suna da hantsi, an raɗa suna an raba goro, maza na zaune a kan tabarmi, har da Barau. Goggo, mahaifiyar Hammawa, ta fito da jariri a zani, ta ajiye ƙwaryar ruwa da sabulu. Sai ga gogan a kan mashin, har da farar safar hannu kamar zai shiga tiyata. Ya buɗe aska, tana walƙiya.

Wannan walƙiyar ce ta faɗar wa Barau da gaba.

"Miƙo nan."

Ya ɗaga ta a rana. Bakin ya yi shuɗi-shuɗi, an cinye kusan rabin faɗinta.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ai gani na yi dutsen nan ɓata lokaci ne, Baba. Jiya na shiga kasuwar Rogo, na ba mai wasa adda ya ɗora ta a inji. Minti biyu ya gama."

Innalillahi! Inji, inda ake wasa adda da gatari. Zafi ya ƙone ƙarfen, ko shekara aka yi ana wasawa ba za ta ƙara riƙe kaifi ba. Kuma sakaran yana tsaye yana washe baki, jira yake a yaba masa.

Barau ya cafko hannunsa, ya shafa ruwa a damtsen, ya ja askar sau ɗaya. Ƙarrr! Gashi na nan daram, sai jan layi yana tsattsafo da jini.

"Wash, Baba!"

"Wash ka ce? Kai ke nan mai fatar jaki. Wannan za ka ɗora a maɗigar ɗan kwana bakwai?"

"To akwai reza a aljihuna..."

"Rufe min baki! Ko reza ce, hannun wa zai riƙe ta? Naka?"

Barau ya dubi nasa hannun, yana ta kakkarwa a kan gwiwa. Wanzami ɗaya ya rage a kusa, Sulle na Zoza, wanda Barau ya shekara talatin yana cewa ko akuya ba zai ba shi ya aske ba.

"Hammawa, a tura mashin Zoza a ɗauko Sulle."

Hammawa ya sunkuyar da kai. "Malam Barau, ka san in Sulle ya taɓa kan yaron nan, gidan ya zama nasa."

"Na sani. Aƙalla shi ya san dutse."

Ya naɗe askar ubansa, ya miƙa wa tsohuwar ba tare da ya kalli Yusha'u ba.

"Ungo, Goggo. Ku riƙa yanka kuɓewa."