Layin da Ya Ƙi Miƙewa

Duk wanda ya san Injiniya ya san ba ya mayar wa mutum kwamfuta da ciwonta. Sunan ma 'yan layin ne suka laƙaba masa tun yana da baƙin gashi, ya bi shi har furfura. Shagonsa na ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai ɗinkin labule da mai yankan makulli, ɗan ƙuƙut ne, idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Amma ka taɓa wannan shago ka taɓa ransa.

To, shagon ne autarsa take so ya rufe. Ita da mijinta sun gyara masa ɗaki a gidansu tun bayan rasuwar mahaifiyarta, sun yi fenti, sun sa katifa. Shi kuwa ko leƙa ɗakin bai taɓa yi ba. Kullum ta tayar da zancen amsarsa ɗaya ce: "Ranar da wata kwamfuta ta gagare ni, ki zo ki karɓi makulli. Kafin nan ki shafa min lafiya." Auta ta san kunnen ƙashin ubanta, sai ta ƙyale shi ta ci gaba da kawo masa abincin rana.

Ana nan sai ga Mai Zane, tsohon abokinsa mai zana taswirar gidaje, ya rungumo kwamfutarsa yana haki.

"Mutumina, ta haukace! Na bar ta lafiya lau, ta sabunta kanta ba wanda ya aike ta. Yanzu allon sai ƙifta ido yake, in na juya zane sai wasu baƙaƙen tabo su cinye min rabin gida."

Injiniya ya yi dariya. Wannan ai ciwon yara ne. Katin hoton da ke cikinta tsoho ne, sabuntawar kuma ta ɗora masa sabon direba, wato 'yar manhajar nan da ke tafinta tsakanin kati da kwamfuta. Sabon tafinta bai iya yaren tsoho ba, shi ke nan rigimar. "Kamar ni da jikokina ne," in ji shi. "Je ka, ka dawo gobe."

Kafin shayinsa ya huce ya tuge sabon direban, ya share ragowarsa tas, ya mayar da na da, ya kuma toshe wa kwamfutar hanyar sake yin karambani. Ƙiftawa ta tsaya. Baƙaƙen tabon suka ɓace. Ya buɗe wani zanen Mai Zane don gwaji, bene mai tagogi reras, ya gyara zaman tabarau.

Sai ya ga layin.

Ginshiƙin da ke tsakiyar zanen ya ɗan lanƙwashe, kamar zaren da aka danna da ɗan yatsa. Ya motsa linzamin kwamfutar, ya ja kibiyar allo zuwa gefen wata taga, sai ginshiƙin ya miƙe, taga ta karkace. Duk inda ya kai kibiya, lanƙwasar na biye da ita, da wani ɗan dishi-dishi a tsakiya.

"Iye! Haka za mu yi da ke?"

Washegari ya ce wa Mai Zane ya ƙara haƙuri. Jibi ma haka. Abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, kuma abin ya ci masa rai.

Ya jawo akwatin faya-fayansa daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura. Direbobi ne na shekara da shekaru, kowane faifai da rubutun hannunsa. Allah sarki zamani! Da can sai ka kwana kana jiran direba ɗaya ya sauko, in aka ɗauke wuta ka koma farko, don haka duk wanda ya samu sai ya adana shi kamar gwal. A lokacin allunan masu ƙatuwar ƙeya ne, sai ƙato ya yi nishi yake ɗaga ɗaya. In hoto ya fara rawa, mari ɗaya a gefe ya isa ya dawo da shi hankalinsa. Ya tuna matar da ta kawo nata tana kuka wai gefensa ya koma shunayya, ashe lasifika ta jingina masa, maganaɗisu ya ja launin. Ya matsar da lasifikar kawai, ta tafi tana sa masa albarka har bakin titi. Na yanzu kuwa sirara kamar faranti, a manne da gam, ba su da inda za ka sa sukudireba, balle inda za ka mara.

A ƙarƙashin teburin nan Auta ta yi rarrafe. Can ya riƙa zaunar da ita da murfin gwangwani tana ware masa ƙananan kusoshi, masu tsawo gefe, gajeru gefe, uwarta kuma na tsaye a bakin ƙofa tana faɗan wata rana sai yarinyar nan ta haɗiye ɗaya. Ba ta taɓa haɗiyewa ba. Kewar matarsa ta taso masa, ya koma kan aiki.

Ya gwada direban da ya girmi wanda ya sa, ya gwada wanda ya girmi wannan. Lanƙwasa na nan. Ya canza kebul. Tana nan. Ya zare katin, ya goge masa haƙora, ya share masa fanka, ya mayar. Ya cire shi gaba ɗaya ya sa wani daga nasa. Tana nan daram. Ya ce to allon ne, ya hau kujera da ƙyar ya sauko da tsohon allo mai ƙeya, guda ɗaya da ya rage masa, ƙugunsa na ƙara. Allon ya yi 'yar ƙararsa ta da, ya ɗau haske a hankali, har warin ƙura mai ɗumi ya tashi, warin da ya yi shekaru bai ji ba. Zane ya fito. Ginshiƙi a lanƙwashe.

Nan fa gabansa ya fara faɗuwa. Ba kwamfutar ce ta tsorata shi ba, bakinsa ne, da abin da ya furta wa 'yarsa.

Ran nan da rana Auta ta shigo da kwanon abinci ta tarar da shagon kamar an yi yaƙi, kebula a ƙasa, kwamfuta a buɗe hanjinta a waje.

"Baba, lafiya? Na kwana biyun nan ma ka dawo da shi ko rabi ba ka ci ba."

"Ajiye can. Kawo wayarki."

Gwaji ɗaya ya rage masa, kuma ita ma ta san shi, don a gabanta ya koya wa mutane da yawa. Ka sa kwamfuta ta ɗauki hoton abin da ke kan allonta, ka tura wa wata na'ura. In aibin bai bi hoton ba, allo ne ko kebul. In ya bi, to ciwon na ciki. Ya ɗauka, ya tura mata, ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da hanci.

"Yauwa! Kin gani? Ya biyo. Ashe dai a ciki yake. Sai na wanke ta gaba ɗaya na sake zuba mata komai."

Auta ta karɓi wayar. Ta duba, ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ta dubi allon, ta sake duban wayar.

"A ina, Baba?"

"Ga shi nan a gabanki, ginshiƙin tsakiya! Ke da ƙuruciyarki ba kya gani?"

Ta ɗago ta kalle shi, kallon da bai so ba ko kaɗan. Kafin ta ce wani abu sai ga sallamar Mai Zane, ya karkato ya shigo, jakarsa a hammata.

"'Yata, kina nan? Ki taya ni roƙon tsohon nan. Mai gida ya ɗaga min hankali, yana son ganin zanensa, uban naki kuma ya riƙe min kwamfuta kamar na ba shi jingina."

"Sannu da zuwa, Kawu," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa.

Mai Zane bai jira izini ba, ya ture Injiniya gefe ya zauna. Ya kama linzami ya juya benen hagu, ya juya shi dama, ya kifa shi, ya shiga cikin ɗakuna ya fito.

"Kai, amma ka cuce ni! Ai ta warke garau. Tun yaushe?"

"Ba ta warke ba. Dubi ginshiƙin nan. Kai da layi ne abincinka, ba zan ba ka allon da ke lanƙwasa maka layi ba, gini ya zo ya faɗa kan mutane a ce ni ne."

"Wane ginshiƙi? Wannan?" Mai Zane ya zuge jaka ya zaro rularsa ta ƙarfe, wadda ta tsufa a hannunsa har lambobinta suka goge. Ya ɗora ta kan allon, ya daidaita ta da ginshiƙin. "To duba da kyau, sarkin musu. Sambal! Ko gashi ba zai ratsa tsakaninsu ba."

Injiniya ya sunkuya ya duba. Ginshiƙin a lanƙwashe yake. Rular ma a lanƙwashe take, daidai wurin, ƙarfe guda ya yi ciki kamar an taka shi.

Ya daɗe a sunkuye. Ya kai hannu ya shafa rular daga sama har ƙasa, ɗan yatsansa ya tafi miƙe bai ci karo da komai ba. Ashe ba kibiyar take bi ba. Shi ne duk inda kibiya ta je yake kai ido.

"Baba," in ji Auta a hankali, "rufe na hagu."

Ya sa tafin hannu ya rufe. Allon ya murɗe, bakin ƙofa ya murɗe, tsakiyar komai ya yi hazo.

"To rufe na dama."

Ya sauya hannu. Ginshiƙi ya miƙe tsaf. Rula ta miƙe. Ga zanen nan fes, kamar yadda yake tun ranar farko da ya mayar da tsohon direba, kafin shayinsa ya huce.

Mai Zane ya mayar da rular jaka a hankali kamar ita ta yi laifin. Da ya ga Injiniya ya ɗauki sukudireba zai rufe kwamfutar, ya miƙa hannu zai taya shi, Injiniya ya buge hannun. Da ido ɗaya a runtse ya mayar wa mutumin katinsa, ya ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana lalubar kowace da ɗan yatsa kafin ya murɗa. Ya kunna ta, ya sa Mai Zane ya sake dubawa, sannan ya goge mata jiki da tsumma.

"Kar ka bari ta sake sabunta direban nan. In ta tambaye ka, ka ce a'a."

"Na ji, mutumina." Mai Zane ya rungumi kayansa, ya fita.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar keken mai labule ta bango. Auta ta durƙusa tana naɗe kebula. Ba ta ce komai game da makulli ba, kuma shirun nata ya fi masa ciwo.

"Ki shaida," in ji shi, "kwamfutar nan ba ta gagare ni ba."

"Na shaida, Baba. Gobe da safe za mu je wurin likitan ido. Wataƙila ma abu ne mai sauƙi."

"Wataƙila."

Ya zauna kan kujerarsa yana kallon kantoci, akwatin faya-fayai, tsohon allo mai ƙeya da har yanzu yake kunne yana ɗumama shagon. Yana son wurin nan, wallahi yana son sa, kuma bai taɓa sanin yawan son ba sai yau. Ya miƙa hannu ya kashe allon, hasken ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya a tsakiya, ya ɓace.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ɗakin nan naku. Akwai soket a ciki?"

Ta tsaya da kebul a hannu, ba ta juyo ba. "Akwai guda biyu."

"Biyu," ya ce. Ya cire tabarau yana goge su da bakin riga, ya yi ta gogewa. "Ki ce wa mijinki sun yi kaɗan."