'Ya'yan Mazari a Bahon Tarwaɗa

Shekara ashirin da ɗoriya Mai Tarwaɗa yana ƙyanƙyasar kifi a rumfar bayan gidansa. 'Ya'yan tarwaɗa, da zarar gwaiduwar cikinsu ta ƙare a kwana na uku, ba sa kallon abin da ba ya motsi. Don haka yake da kwatami na musamman da yake zuba wa kashin kaji har ruwan ya yi kore shar, wasu jajayen ƙwari ƙanana mitsi-mitsi su cika shi. Su yake tacewa, ya ɗaga mataci a hasken rana, ya tsince duk baƙon da ya biyo su, sannan ya zuba a baho.

Bana yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai gaya wa kowa ba.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta zo ganin gida da wani gwangwani a jaka.

"Baba, ƙwan wasu ƙwari ne na abincin 'ya'yan kifi. A ruwan gishiri ake jiƙa shi, kwana ɗaya ya fashe. Ba datti, ba baƙon ƙwaro."

"Kifina ba 'yan gayu ba ne, Uwata. Abin da uwayensu suka ci, shi za su ci."

Ta yi dariya, ta ajiye gwangwanin a kan taga.

Safe da yamma ya ci gaba da tacewa. Yana ɗaga matacin kamar yadda ya saba, amma jan hazo kawai yake gani, sai ya juye da bismilla. A rana ta tara ya tsoma hannu a baho, yana jiran ya ji 'ya'yan kifin suna tsattsaga masa yatsu. Ruwa kawai ya ji. Ya matsa na biyu, haka. Sai ya kira 'yar tasa.

Ta durƙusa ta leƙa. "Baba, mene ne waɗannan masu ƙafafu a gindin baho? Sun yi ɓul-ɓul."

"Wane launi?"

Ta ɗago ta dube shi. Abin yana gaban hancinsa.

"Ruwan ƙasa. Masu manyan idanu."

"'Ya'yan mazari ne," ya ce a hankali. "Su suka cinye kifin. Da hannuna na zuba su."

Baho biyar suka kwashe. Abin da ya tsira bai rufe gindin kofi ba.

"Tun yaushe, Baba?"

Ya zauna a kan bokitin da ya kife, ya daɗe yana goge hannu a riga.

"Ranar da kika shigo, da muryarki na gane ki."

Ta rufe baki da gefen mayafi. Sannan ta ce gobe za ta kai shi wurin likitan ido, kuma ba shawara take nema ba. Bai yi musu ba. Ya dai roƙe ta kada ta gaya wa mahaifiyarta sai sun dawo.

Ita ta wanke bahunan ta kife su a jikin bango. Wannan daminar ba a sake ƙyanƙyasa a gidan ba.